Mantuwa a Hidimar Koyo: Nazari a kan Binciken Robert Bjork

Duk malamin da ya daɗe a aji ya san wannan yanayi. Ka koyar da darasi ranar Litinin, ɗalibai su riƙa amsa tambayoyinka tun kafin ka rufe baki, ka fita zuciyarka fari ƙal. Bayan mako uku ka taɓo darasin, aji ya yi tsit kamar ruwa ya ci shirwa. Mun saba ɗora laifin a kan wasan yara. Robert Bjork, masanin yadda ƙwaƙwalwar ɗan'adam ke koyo da tuna abu, ya shafe fiye da shekara hamsin yana nuna cewa matsalar ta faro ne tun ranar Litinin ɗin, lokacin da malami da ɗalibi suka ɗauki saurin amsa a matsayin shaidar koyo. Ina ganin wannan ne ginshiƙin aikinsa, kuma shi ne abin da makarantunmu suka fi buƙatar ji.

An haifi Bjork a 1939 a Amurka. Lissafi ya fara karantawa a Jami'ar Minnesota, ya yi digirin digirgir a Stanford a 1966, ya koyar a Jami'ar Michigan, sannan ya koma Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles a 1974. Da yawan muhimman ayyukansa tare ya yi su da matarsa, Elizabeth Bjork, wadda ita ma farfesa ce a wannan fanni.

Tun da Bajamushen nan Hermann Ebbinghaus ya wallafa bincikensa a 1885 aka san cewa mantuwa tana saurin cin abin da aka koya a sa'o'in farko. Jama'a kuwa sun ɗauke ta kamar gara, tana cinye abin da aka adana har ya ƙare. A 1992 Bjork da matarsa suka kawo wata fahimta dabam. Suka ce kowane abu da ke cikin kai yana da ƙarfi iri biyu: ƙarfin ajiya, wato zurfin yadda ya kafu, da ƙarfin zaƙulowa, wato sauƙin isa gare shi a yanzu. Sunan abokinka na firamare da kuka rabu shekara talatin yana iya ƙin zuwa bakinka, amma da zarar wani ya ambaci harafinsa na farko sai ya faɗo. Ajiyarsa na nan, hanyar ce ta toshe. Lambar ɗakin masaukin da ka kwana jiya kuwa tana kan harshenka yau, nan da wata guda babu ita.

Daga nan hujjar ta ɗauki wani salo da ba a zata ba. Idan abu ya fara kuɓuce maka, ka yi fama har ka zaƙulo shi, ajiyarsa tana ƙaruwa fiye da idan ka maimaita shi yana sabo a kanka. Ke nan ɗan mantawa shi ne ke ba bita damar yin aiki. Wanda ya karanta shafi sau biyar a zama ɗaya, karatun na huɗu da na biyar kusan banza ne, duk da cewa su ne suka fi ba shi natsuwar cewa ya iya.

A 1994 Bjork ya raɗa wa irin waɗannan hanyoyi sunan da za a iya fassara shi da wahalhalu masu riba: rarraba bita a kan kwanaki, cakuɗa batutuwa, da gwada kai maimakon sake karantawa. Har sauya wurin karatu ya shiga ciki. A wani gwaji na 1978 da ya yi da Steven Smith da Arthur Glenberg, waɗanda suka yi bitar jerin kalmomi 40 a ɗakuna biyu mabambanta sun tuna kimanin 24, waɗanda suka yi bitar sau biyu a ɗaki ɗaya kuma kimanin 16.

Gwajin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na 2008, wanda ya yi da Nate Kornell. An nuna wa ɗalibai zane-zanen masu zane 12, shida-shida daga kowanne. Wasu masu zanen an jero ayyukansu a jere, wasu kuma an cakuɗa nasu da na wasu. Da aka kawo sababbin zane aka ce a faɗi mai su, cakuɗawar ce ta yi nasara. To amma da aka tambayi ɗaliban wace hanya ta fi taimakonsu, bayan sun gama gwajin da hannunsu, mafi yawansu suka ce jerawar ta fi, ko aƙalla ta yi daidai. Wannan ya fi ƙarfin rashin sani. Jin sauƙi ne ke yaudarar mutum, kuma yaudarar ba ta barin malami. Henry Roediger da Jeffrey Karpicke sun sami makamancin haka a 2006: bayan minti biyar masu sake karatu ne a gaba, bayan mako guda masu gwada kansu sun tuna kashi 61 cikin ɗari, masu maimaita karatu kashi 40.

Mai karatu Bahaushe ba zai ji wannan baƙo ba. Almajiri yana biya allonsa har ya zauna, ya wanke, rubutun ya tafi, ya rage sai abin da ke kai. Yana yin tishi da tilawar abin da ya wuce tun watanni, gardi kuma yana satu, yana rubuta karatu da ka. Bjork bai yi bincike a kan tsangaya ba, kwatancin nawa ne, amma ina ganin alarammomi sun daɗe da gina tsarinsu a kan zaƙulowa da tazara. Abin takaici, ɗalibin boko da ya gaji kalmar hadda ya mayar da ita kwanan zaune a daren jarrabawa, wanda shi ne ainihin abin da binciken ya nuna ba ya ɗorewa.

Akwai ƙorafi biyu da ya kamata a saurara. Na farko, yawancin gwaje-gwajen nan an yi su ne da ɗaliban jami'a a Amurka, kan jerin kalmomi da gajerun rubuce-rubuce, don haka kai su ajin firamare mai yara ɗari yana buƙatar nasa binciken. Na biyu ya fi damuna: a ji kalmar wahala a ɗauka an halatta kowace irin ƙuntatawa. Bjork da matarsa sun fayyace cewa wahala tana da riba ne kawai idan mai koyo yana da tushen da zai iya cin ƙarfinta. Yaron da ake koya wa lissafi da harshen da bai ji ba, ko mai karatu da yunwa, ko wanda bulala ke shawagi a kansa, ba zaƙulo komai yake yi ba. Abin da binciken ke nema daga malami ƙarami ne kuma ba ya cin kuɗi: ya buɗe darasin yau da tambayoyi uku daga na makon jiya, littattafai a rufe, ya jure shirun da zai biyo baya har hannu na farko ya ɗago.