Tarihin Nazarin Dangantakar Ƙasa da Ƙasa a Jami'o'i

Nazarin dangantakar ƙasa da ƙasa reshe ne na kimiyyar siyasa da ke bincike a kan yaƙi da sulhu, da diflomasiyya, da yadda ƙasashe ke ƙulla ƙawance ko su warware shi. Tunani a kan waɗannan abubuwa ya daɗe, domin tun ƙarni na 14 Ibn Khaldun ya yi bayanin tashin dauloli da faɗuwarsu. Amma shigarsa jami'a a matsayin fanni mai zaman kansa ba ta wuce shekara ɗari da 'yan kai ba.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya haifar da shi. David Davies, wani attajiri ɗan majalisa daga yankin Wales, ya jagoranci bataliya a fagen daga na Faransa. Da yaƙin ya ƙare, shi da 'yan'uwansa mata biyu suka ba kwalejin Aberystwyth fam 20,000 don tunawa da ɗalibanta da suka mutu, aka kafa kujerar farfesa a 1919 da sunan shugaban Amurka Woodrow Wilson. Alfred Zimmern ne ya fara riƙe ta. Tambayarsu ɗaya ce: ta yaya za a hana sake irin wannan kisa? Daga nan cibiyoyi suka biyo baya, Chatham House a Landan a 1920, sai wata a birnin Janiba a 1927.

Malaman farko sun ɗora fatansu na zaman lafiya a kan doka da Ƙungiyar Ƙasashe ta wancan zamani. Wanda ya rushe wannan fata kuwa a kan kujerar Aberystwyth ɗin yake zaune. E. H. Carr, wanda naɗinsa a 1936 ya ɓata wa Davies rai, ya fitar da littafin The Twenty Years' Crisis a 1939, yana cewa zaman lafiyar da ake wa'azinsa muradin masu ƙarfi ne aka sa wa rigar adalci. Littafin ya fito daidai lokacin da sabon yaƙi ya ɓarke. Bayan 1945 ragamar fannin ta koma Amurka. Hans Morgenthau, Bayahuden da ya gudo daga Jamus, ya wallafa Politics Among Nations a 1948 yana koyarwa a Chicago, ya ɗora komai a kan ƙarfi da muradin ƙasa. Duk da haka shi ne ya fito fili ya soki yaƙin Vietnam. A 1979 Kenneth Waltz ya ce rashin hukuma ɗaya a saman ƙasashe shi ke tilasta wa kowacce tsare kanta.

Akwai ɓangaren da littattafan koyarwa suka daɗe suna tsallakewa, kuma bai kamata a tsallake shi ba. Mujallar farko ta fannin a Amurka, wadda aka kafa a 1910, sunanta Journal of Race Development, kuma damuwarta launin fata ce da mulkin 'yan mallaka. Ita ce ta narke cikin mujallar Foreign Affairs a 1922. Baƙaƙen malaman Jami'ar Howard irin su Ralph Bunche da Merze Tate sun ƙalubalanci wannan tunani, aka yi ta share sunayensu, har Robert Vitalis ya tono tarihin a 2015.

A Afirka fannin ya tashi tare da 'yancin kai. An kafa Cibiyar Nazarin Harkokin Ƙasa da Ƙasa ta Najeriya a Legas a 1961. Ali Mazrui na Jami'ar Makerere ya tambaya a 1967 wa zai tsare zaman lafiyar nahiyar bayan tafiyar Turawa, shi kuwa Claude Ake a 1979 ya kira kimiyyar zamantakewar da ake shigo da ita daga Yamma wani nau'in mulkin mallaka. Ibrahim Gambari ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ya shugabanci cibiyar Legas, sannan ya zama ministan harkokin waje a 1984. Har yau manyan mujallun da ake auna malamin wannan fanni da su, yawancinsu a Amurka da Birtaniya ake buga su, kuma da Turanci.