Dorothy Day da Jaridar Kwabo Ɗaya

Mu marubuta mun saba da kukan rashin jari, shi ya sa muka ga ya kyautu mu waiwayi tarihin wata 'yar jarida Ba'amurkiya, Dorothy Day, wadda aka haifa a 1897. Tun tana budurwa take rubutu a jaridun 'yan gurguzu, har aka tsare ta a 1917 saboda neman a bai wa mata 'yancin jefa ƙuri'a. A 1927 ta shiga ɗarikar Katolika, amma ba ta watsar da talakawan da ta taso tana karewa ba.

A lokacin da tattalin arzikin Amurka ya durƙushe, wajen 1933, kusan mutum ɗaya cikin huɗu na ma'aikata ba shi da aikin yi. A watan Disamba na 1932 ta je Washinton ɗauko rahoton zanga-zangar mayunwata, abin da ya ɓata mata rai kuwa shi ne 'yan gurguzu ne suka shirya ta, ba mabiya addinin da ke wa'azin ciyar da mayunwaci ba. Da ta koma gida sai ta tarar da wani Bafaranshe, Peter Maurin, yana jiranta da shawarar su kafa jarida.

Ranar 1 ga Mayu 1933 The Catholic Worker ta fito, kwafi 2,500, ana sayar da kowane a kan kwabon Amurka ɗaya. Kafin shekara ta ƙare suna buga kwafi 100,000 a wata.

To, a nan ne labarin ya yi armashi. Jaridar ta yi ta rubuta cewa wajibi ne Kirista ya buɗe ƙofarsa ga marar wurin kwana, sai kuwa marasa wurin kwanan suka karanta, suka zo suka ƙwanƙwasa. Baki shi ke yanka wuya! Dole aka kama hayar ɗakuna, aka ɗora tukunya, layin masu karɓar miya da burodi ya miƙe. Ba a tambayar kowa addininsa, ba a kuma gindaya masa sharaɗin tuba kafin ya ci. Masu aikin suna kwana gida ɗaya da baƙin, ba albashi. Kafin Amurka ta shiga yaƙi a 1941, irin waɗannan gidaje sun haura talatin.

Ba kowa ne ya yi na'am da ita ba. Da ta ƙi goyon bayan Yaƙin Duniya na Biyu, yawancin masu karatu suka juya mata baya, gidaje da dama suka rufe. A ganinmu ta san abin da matsayin zai jawo wa jaridar, ta kuma tsaya a kansa. An sake kama ta a 1973, tana da shekara 75, wajen yajin aikin 'yan ƙodagon gona a Kalifoniya. Ta rasu a 1980, Paparoma Francis kuma ya ambace ta a gaban majalisar Amurka a 2015. Har yau farashin jaridar kwabo ɗaya ne.