Faɗakar da Majinyaci a Kan Hawan Jinin Ido: Nazarin Dalilan Barin Magani

Binciken makanta da aka gudanar a faɗin Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya tabbatar da cewa kashi 4.2 cikin ɗari na waɗanda suka kai shekara 40 zuwa sama makafi ne, kuma yanar ido ce ta haddasa kashi 43 na wannan makanta, hawan jinin ido ya bi mata da kashi 16.7. Maƙasudin wannan maƙala shi ne ta nuna cewa maganin cuta ta biyun ba ya tsayuwa sai bisa fahimtar majinyaci, alhali kuwa ba kasafai ake yi masa bayaninta ba.

Sababin ruɗani a fili yake. Mai yana, idan aka yi masa aiki a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna ko asibitin ido na ECWA a Kano, aka cire yanar aka sanya gilashin roba a gurbinta, galibi yakan koma gida yana gani, labarinsa ya bazu a unguwa. Saboda haka maƙwabcinsa mai hawan jinin ido ya zo da irin wannan tsammani, bai san cewa tasa illar a jijiyar gani take ba, wadda matsin ruwan cikin ido ke ci sannu a hankali tun daga gefe, ba zafi ba ja, kuma abin da ta rasa ba ya dawowa har abada. Idan ya ɗiga magani wata biyu bai ga sauyi ba, sai ya yanke hukuncin cewa maganin ba shi da fa'ida, ya nufi masu soke ido da tsinke, waɗanda aikinsu ko ga mai yanar ma yakan ƙare da makanta. A ganina laifin ba nasa ba ne: wajibi ne a gaya masa tun ranar farko, da harshensa, a gaban ɗansa ko ƙaninsa, cewa maganin na tsare ganin da ya rage ne, kuma su ma danginsa na jini su zo a auna su, domin cutar tana bin zuri'a.

Akwai kuma mas'alar azumi, wadda ba kasafai ake tayar da ita a ɗakin likita ba. Da yake malaman Malikiyya sun tafi a kan cewa abin da ya isa maƙogwaro ta ido yana ɓata azumi, majinyata da dama kan ajiye magani Ramalana sukutum, ba don sakaci ba, sai don tsantseni. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Jidda a 1997, ta zartar cewa ɗigon ido ba ya karya azumi matuƙar an kauce wa haɗiye abin da ya kai maƙogwaro. Wanda zuciyarsa ba ta natsu da haka ba ma yana da mafita: maganin timolol, da ake ɗigawa sau biyu a rana, a raba shi tsakanin sahur da buɗa-baki, latanoprost kuwa da ma sau ɗaya ne da dare, sannan a koya masa danne kusurwar ido ta wajen hanci na minti biyu bayan ɗigawa, domin hana maganin gangarawa zuwa maƙogwaro. Irin wannan bayani ya kamata likitoci su shirya shi tare da limamai tun cikin Sha'aban.