Mutane Masu Wutsiya: Tarihin Wata Halittar Ƙage a Ƙasar Bauchi

A 1851 wani Bafaranshe mai suna Francis de Castelnau, wanda yake ƙaramin jakadan ƙasarsa a Bahiya ta Barazil, ya wallafa wani ɗan littafi a birnin Faris. Abin da ke cikinsa hirarraki ne da ya yi da bayi 'yan Afirka, da yawansu Hausawa, game da garuruwa da hanyoyin ƙasashensu. Sai dai abin da ya ja hankalin Turawa shi ne labarin wata al'umma da ake kira Yamyam, wadda aka ce mutanenta suna da wutsiya, suna cin naman mutane, har kujerunsu ma sai an huda su kafin su iya zama. Wato dai halitta ce mai hankali, mai makami, mai gida, amma ba cikakken ɗan'adam ba.

Wannan suna ya girmi Castelnau nesa ba kusa ba. Tun a 1154 Al-Idrisi ya ambaci Lamlam, mutanen kudu waɗanda ake kai wa hari a kamo su a sayar. Daga baya sunan ya yi ta yawo, kullum yana gaba kaɗan da inda mai ba da labari ya tsaya. Da Clapperton ya sauka Sakkwato a zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, an nuna masa cewa 'Yamyam suna can wajen ƙasar Yakubu, wato Bauchi, birnin da Malam Yakubu ya kafa a 1809. Duwatsun da ke kewaye da masarautar, da ƙabilun da suka fake a kansu suka ƙi miƙa wuya, su ne suka ba almarar masauki. A nawa ganin wutsiyar nan ba ado ba ce a labarin, aiki take yi: wanda aka maƙala wa wutsiya an raba shi da mutunci, kama shi kuwa ba zai dami zuciyar kowa ba.

Turawa ma ƙishirwarsu ce ta sa suka sha. Tun ƙarni na 18 almajiran Linnaeus suke neman mutum mai wutsiya da zai cike giɓin da suke zato akwai tsakanin biri da mutum. Ko da Schweinfurth ya isa ƙasar Azande a 1870, inda sunan ya koma, fatun dabbobi kawai ya tarar a ƙugun mutane. Duk da haka a 1912 Tremearne, wanda ya yi aiki a yankin Kagoro, ya sa wa littafinsa sunan maharban kawuna masu wutsiya, alhali abin da ya gani ado ne da matan aure suke ɗaurawa a baya.

Masu ƙagen halittu na zamani sun bi wata hanya dabam, domin suna bayyana tun farko cewa hasashe suke yi, kuma suna ɗaure kansu da dokokin ilimin halittu. A 1982 Dale Russell na Kanada ya ƙera siffar wani ƙadangaren dā wanda, da bai ƙare ba, wai zai miƙe tsaye ya yi ƙatuwar ƙwaƙwalwa. Abin dariya, shi cire masa wutsiya ya yi don ya yi kama da mu, masana kuwa suka soke shi da cewa ya kasa hango hankali sai cikin surar mutum. Dougal Dixon ya bi sahu a 1990 da littafinsa kan jikokin ɗan'adam na nan gaba. Mu ma ba a bar mu a baya ba, don tun 1969 Umaru Dembo ya kawo Kolin Koliyo daga sararin samaniya a cikin Tauraruwa Mai Wutsiya, ya ɗauki yaro Kilba ya tafi da shi yawon buɗe ido. A can wutsiyar ta tauraruwa ce, baƙon kuwa malami ne.