Tarihin "gilashin kariya" na gadoji: yadda aka koyi kare kankare daga gishiri

Yau bari mu ɗan ajiye waya mu leƙa tarihi.

Ka san dalilin da ya sa kake manna wa wayarka gilashin kariya: gara shi ya sha wahala da sikirin ɗin ya fashe. To ita ma gada ana yi mata haka. Ana zuba wani siririn kankare a samanta, kaurin santimita 3 zuwa 5, don ya kare na ƙasa da rodin da ke ciki.

Me ya kawo wannan? Gishiri. Daga shekarun 1950 zuwa 1960, Amurka ta yawaita zuba gishiri a tituna don narkar da dusar ƙanƙara. Shi kuwa kankare, duk taurinsa, yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ruwan gishiri sai ya bi ta nan har ya isa ga rodi. Rodi ya yi tsatsa, tsatsa ta kumbura, sai ta fasa kankaren daga ciki. Gadoji da yawa suka fara ɓarewa tun ba su tsufa ba.

Daga nan injiniyoyi suka dukufa neman abin da za su ƙara a kwaɓin don toshe ƙofofin nan.

Na farko shi ne ruwan roba. A 1957 aka gwada shi a kan wata gada a garin Cheboygan na jihar Michigan. Idan kwaɓin ya bushe, robar takan zama wata siririyar fata a cikin ƙofofin, ta tare ruwa, ta kuma sa sabon kankare ya kama tsohon gam.

Na biyu ƙurar silika ce, wadda ke fita daga tanderun narkar da silikon. A da hayaƙi ne kawai da ake bari ya bi iska. A Norway aka fara gwada ta tun shekarun 1950, kuma ta yaɗu bayan dokokin muhalli na shekarun 1970 sun tilasta wa masana'antu tara ta. Ta fi siminti laushi kusan sau 100, shi ya sa take cike gurbin da siminti ya bari.

Amma fa tana da shan ruwa, kuma yawan ruwa shi ke haifar da ƙofofin. Abin da ya warware wannan shi ne sinadarin rage ruwa da aka ƙirƙiro a Japan da Jamus a shekarun 1960, wanda ke sa kwaɓi ya yi laushi ba tare da an ƙara ruwa ba.

Sai dai sinadari kaɗai ba ya isa. Idan ba a lulluɓe sabon zubi da jiƙaƙƙen buhu da wuri ba, zai tsattsage, gishiri ya samu hanya. Don haka idan ka ga ana ta ƙara ruwa a kwaɓin ginin gidanka don aiki ya yi sauƙi, ka yi magana. Ƙarfin ginin ne ake ragewa.

Wace fasaha kake so mu kawo tarihinta gaba?