Masu Agogo da Masu Fatsa: Tarihin Kayan Kamun Kifin Bas a Amurka

Gabatarwa

Na san wasu daga cikin 'yan'uwana ɗalibai, watakila har da malamanmu, za su yi mamakin ganin maganar fatsa a mujallar da ta saba da nazarin waƙa da zube da tarihin sarakuna. Dalilina shi ne, mun saba ɗaukar tarihi a kan labarin yaƙi da sarauta kawai, alhali kuwa kayan aikin da mutane suke riƙewa a hannu su ma suna da nasu tarihin. A wannan ɗan rubutu ina so mu bi sawun abubuwa uku da Ba'amurke yake zaɓa in zai tafi kamun kifin da suke kira bas, watau sandar fatsa, da zare, da kuma na'urar da ake ɗaurawa a gindin sanda don naɗe zaren, wadda zan riƙa kira manaɗi.

Bas kifin ruwan daɗi ne, asalinsa Amurka ta Arewa. Iri biyu suka fi shahara: mai babban baki, wanda yake son tafki mai ciyayi da kututture, da mai ƙaramin baki, wanda ya fi son ƙorama mai duwatsu da ruwan sanyi. A siffa ya yi kama da ɗan giwan ruwa, kuma shi ma mafarauci ne, yakan laɓe ya jira ƙananan kifaye da kwaɗi. Saboda haka irin fatsar da muka sani tun muna yara, ta a soka tana a ƙugiya a zauna jira, ba ta wadatar da masu nemansa ba. Suna so su jefa ƙugiya nesa, ta faɗa daidai bakin maɓoyarsa, sa'an nan su janyo ta a hankali har ya zaci abu mai rai ne. Daga wannan jifa tarihin ya taso.

Maƙeran Kentucky

Tun ƙarni na 18 an san manaɗi mai haƙoran ƙarfe a Ingila, amma bai da ƙwari. Wanda ya fara ƙera mai inganci a Amurka shi ne George Snyder, mai gyaran agogo kuma maƙerin azurfa a garin Paris na jihar Kentucky, tsakanin 1810 da 1820. Daga bisani wasu masu agogon a garin Frankfort, watau Jonathan Meek da ƙanensa Benjamin, da almajirinsu B. C. Milam, suka mai da abin sana'a. Manaɗin nasu na tagulla ne ko azurfa, da hannu ake ƙera kowane ɗaya, kuma in ka juya mariƙinsa sau ɗaya, kwarkwaron da zare yake kai zai juya wajen sau huɗu. Tun da hannun da ya saba da haƙoran agogo ne ya goge shi, kwarkwaron yana juyawa ba tare da cijewa ba, har nauyin ɗan kifin da aka soka a ƙugiya ya isa ya ja zare ya tafi da shi nesa.

To, amma wannan santsi shi ya haifi matsalar da aka shafe fiye da shekara ɗari ana fama da ita. In aka yi jifa, ƙugiya takan rage gudu a iska ko ta faɗa ruwa, shi kuwa kwarkwaro bai daina juyawa ba. Sai zare ya saki, ya hau kan juna, ya sarƙe, har Amurkawa suna kamanta shi da sheƙar tsuntsu. Magani ɗaya aka sani a lokacin: mai jifa ya ɗora babban yatsansa a kan kwarkwaro, yana sassautawa yana dannewa, ya tsai da shi daidai lokacin da ƙugiya ta taɓa ruwa. Wannan kuwa sai da daɗewa ake iyawa. Ga tsadar manaɗi, ga wuyar koyo, shi ya sa a ƙarni na 19 jifan bas ya zama wasan masu hali da masu lokaci.

Sanda da zaren farko

A 1881 wani likita mai suna James A. Henshall ya buga littafinsa Book of the Black Bass, wanda ya ɗaga darajar wannan kifi a idon manyan masu fatsa. Ya ba da shawarar sandar katako mai tsawon ƙafa 8 da inci 3, mai nauyin wajen oza 8, wadda a wancan zamani gajera ce in aka gwada ta da dogayen sandunan da aka saba. Kafin ƙarshen ƙarnin, masu jifan kwaɗi a tafkunan yankin Chicago da Michigan sun ƙara rage ta zuwa ƙafa 5 ko 6, don a yi jifa ta saman kai da hannu ɗaya.

Sandar da ta fi daraja ita ce ta gora. Ana tsaga gorar gida-gida, a feƙe kowane tsagi, a haɗa guda shida da gam su zama sanda ɗaya mai kusurwa shida. Samuel Phillippe, maƙerin bindiga a Easton ta jihar Pennsylvania, yana cikin waɗanda suka fara wannan aiki a shekarun 1840, Hiram Leonard kuma ya kyautata shi a shekarun 1870. Gorar da ta fi kyau daga kudancin ƙasar Sin ake kawo ta. Shi kuwa zare, bayan an bar gashin wutsiyar doki, sai aka koma siliki da lilin. Siliki yana da laushi, yana da daɗin jifa, amma in an dawo daga ruwa dole a warware shi a shanya, in ba haka ba ya ruɓe ya tsinke ranar da babban kifi ya kama.

Da ƙarni na 20 ya gabato, masana'antu suka shigo. A 1897 William Shakespeare ƙarami, mutumin Kalamazoo a jihar Michigan (ba marubucin nan na Ingila ba), ya sami takardar mallakar wata dabara da take kai zare dama da hagu don ya kwanta daidai a kan kwarkwaro. A 1902 James Heddon, mai kiwon zuma a garin Dowagiac, ya fara sai da kifin ƙarya na katako mai ƙugiyoyi a jiki. Kaya suka yi araha, har manomi ya iya saye.

Yaƙi ya canja kaya

Babban sauyi ya zo ne da Yaƙin Duniya na Biyu da abin da ya biyo bayansa. A 1935 Wallace Carothers na kamfanin DuPont ya haɗa nailan, a 1939 aka fara sai da shi a matsayin zaren fatsa. Na farkon yana da tauri, ba ya kwanciya a kan kwarkwaro, sai a 1958 kamfanin ya fito da mai laushi da ya kira Stren. Nailan ba ya ruɓewa, ba ya bukatar shanya, ga araha. A ɓangaren sanda kuma, a 1947 kamfanin Shakespeare ya fito da sandar zaren gilashi, wadda aka yi bisa gwajin Dokta Arthur Howald. Shekara uku bayan haka, a 1950, Amurka ta hana ciniki da ƙasar Sin, gora ta daina zuwa, sandar gilashi ta ci kasuwa. Dubi yadda rigimar manyan ƙasashe ta kai har hannun mai fatsa a bakin tafki.

A waɗannan shekaru ne aka sami amsoshi uku ga tsohuwar matsalar sarƙewar zare. Ta farko ta fito daga Turai. Tun 1905 Alfred Illingworth, mai masaƙa a Bradford ta Ingila, ya yi tunanin a bar kwarkwaro a tsaye, zare ya riƙa zamewa ta bakinsa kamar yadda yake fita daga kwarkwaron masaƙa. Kwarkwaron da ba ya juyawa ba zai wuce gudun ƙugiya ba. Dabarar ta jira siririn zaren nailan kafin ta bunƙasa, kuma wanda ya yaɗa ta a Amurka shi ne Mitchell 300, da aka ƙera a ƙarshen shekarun 1940 a Cluses, wani garin masu agogo a Faransa.

Amsa ta biyu daga Texas ta zo. R. D. Hull, shi ma mai gyaran agogo, ya rufe tsayayyen kwarkwaro da murfi mai ɗan rami a gaba. Ya kai dabarar wani kamfani a Tulsa ta jihar Oklahoma mai suna Zero Hour Bomb Company, wanda sana'arsa ita ce ƙera nakiya mai agogo don rijiyoyin man fetur. A 1949 suka fara ƙera manaɗin, a 1954 suka fito da Zebco 33 mai maɓallin dannawa, wanda yaro ma zai iya jifa da shi ranar farko. Amsa ta uku ta ƙasar Suwidin ce. Kamfanin ABU na garin Svängsta, wanda aka kafa a 1921 don ƙera agogo, ya fito da Ambassadeur a 1952. Wannan jikan manaɗin Kentucky ne, kwarkwaronsa yana juyawa, amma an sa masa birki a ciki wanda yake kamawa in gudu ya yi yawa. Mai karatu zai lura, daga Snyder har zuwa nan, hannun masu agogo bai bar wannan sana'a ba.

Zamanin gasa

Tun daga 1933 gwamnatin Amurka ta riƙa gina madatsun ruwa a kwarin kogin Tennessee da wasu wurare, manyan tafkuna suka samu, bas ya yaɗu a cikinsu. A 1949 Nick Creme na garin Akron ya ƙera tanar roba. A 1967 Ray Scott, wani dillalin inshora daga Alabama, ya shirya gasa a tafkin Beaver na jihar Arkansas, mutum 106 suka shiga, a 1968 kuma ya kafa ƙungiyar B.A.S.S. Da kuɗi suka shiga, sai kaya suka rarrabu, kowace dabara da sandarta. A 1971 kamfanin Kureha na Japan ya fito da zaren fulorokabon. A 1973 kamfanin Fenwick ya fito da sandar zaren kabon, marar nauyi, wadda take isar da ɗan motsin kifi zuwa tafin hannu. A farkon shekarun 1990 aka sami kitsattsen zare na zamani, siriri mai ƙarfin gaske.

Saboda haka mai zaɓen kaya a yau, cikin tarihi yake zaɓe ko bai sani ba. Mai koyo yakan fara da rufaffen manaɗin Hull. Mai jifan abu marar nauyi a ruwa garau yakan ɗauki tsayayyen kwarkwaron Illingworth da siririn zare mai ɗaukar laba 6 zuwa 10. Wanda zai fizgo kifi daga cikin ciyayi da kututture yakan koma ga jikan Snyder, da kakkaurar sanda mai ƙafa 7 ko fiye, da kitsattsen zare mai ɗaukar laba 50. Nailan yana miƙewa, don haka yana yafe kuskuren hannu. Fulorokabon yana nutsewa, kuma kifi ba ya ganinsa sosai. Kitsattse ba ya miƙewa, yana yanka ciyawa, amma a bayyane yake a cikin ruwa. Har ila yau, duk da birkin zamani, gwanaye ba su ɗauke babban yatsa daga kan kwarkwaro ba.

Kammalawa

Zan rufe da wani labari da duk masu wannan sha'awa suka sani. Ranar 2 ga Yuni, 1932, lokacin da matsin tattalin arziki ya addabi Amurka, wani saurayi manomi mai suna George Perry ya tafi tafkin Montgomery a jihar Georgia neman abin da za a ci a gida, da kayan fatsa masu araha. Ya kama bas mai nauyin laba 22 da oza 4, watau kilo 10 da 'yan kai. Aka auna shi a garin Helena, sa'an nan aka kai gida aka cinye. Duk kabon da fulorokabon da suka zo bayansa, sai a 2009 Manabu Kurita ya kama wanda aka lissafa daidai da shi a tafkin Biwa na Japan, bayan shekara 77. Ni dai abin da na fahimta shi ne, kayan zamani sun sauƙaƙa jifa, sun shigo da yaro da talaka cikin abin da a da na masu hali ne, amma sanin ruwa da halin kifi yana nan a wurin mutum.

Akwai kuma darasi na biyu, wanda ya shafe mu kai tsaye. Mun san sunan Snyder da Meek ne domin Henshall ya bi diddigi ya rubuta tarihinsu kafin a manta. Nailan ɗin nan da ya kori siliki a Amurka, shi ne ya kori zaren auduga daga tarun masuntanmu. Wa ya rubuta mana yadda Sarkawan Argungu da na Yawuri suke murza zare kafin zuwansa, da wanda yake ƙera musu ƙugiya, da sunan kowane sashe na homa da mamari? Dattawan da suka sani suna ta raguwa. Ina roƙon 'yan wannan ƙungiya da suka fito daga garuruwan bakin ruwa, in an tafi hutu a ɗauki littafi da alƙalami a zauna da su, a kawo mana abin da aka samo a fitowa ta gaba. Allah Ya ba mu ilmi mai amfani, amin.