Kiwon Dokin Hawa a Gwagwalada: Al'adar Bargar Hausa a Ƙasar Zafi da Laima

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi kulawar yau da kullum da dokin hawa yake buƙata a yankin Gwagwalada na Babban Birnin Tarayya, ta hanyar gwama al'adar barga da aka gada daga Ƙasar Hausa da yanayin wurin da kuma abin da ilimin likitancin dabbobi ya tabbatar game da jikin doki. Hujjar da aka kafa ita ce, al'adar ta ginu ne a ƙasar da rani ya fi damina tsawo, don haka wani sashe nata yana da amfani a Gwagwalada yadda yake, wani sashen kuwa, musamman ajiyar abinci da ɗaurin turke da dogaro da kanwa, sai an yi masa gyara kafin ya dace da wurin da zafi da laima suke haɗuwa.

1.0 Shigowar doki yankin

Gwagwalada, wadda take ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 6 na Babban Birnin Tarayya da aka ƙirƙira a 1976, tana kan hanyar Abuja zuwa Lokoja, a wani kwari da kogin Usuma ya ratsa, kuma ƙasarta ta fi ta tsakiyar birnin Abuja gangarawa, abin da ya sa zafinta ya yi suna a tsakanin mazauna yankin. Doki ba baƙo ba ne a nan, domin lokacin da masu jihadi suka ci Zariya a farkon ƙarni na 19, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya gangaro kudu da jama'arsa ya sauka a Zuba, garin da yau yake cikin ƙaramar hukumar Gwagwalada, daga bisani kuma ƙanensa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, wanda shi ne Suleja ta yanzu. Sarautar da suka zo da ita sarauta ce da ke kan doki, mai Madawaki a matsayin jagoran mayaƙa, kuma daga wannan tushe ne hawan salla da hawan naɗin sarauta da hawan angwanci suka samu gindin zama a yankin.

Sai dai doki bai taɓa samun sauƙin rayuwa a kudancin Ƙasar Hausa ba. Littafin Tarihin Kano ya ambaci cewa Sarki Kanajeji ya riƙa aika dawaki zuwa Kwararrafa ana musanya masa su da bayi, sannan Robin Law, a littafinsa na 1980 kan tarihin doki a Afirka ta Yamma, ya nuna cewa daulolin kudu irin su Oyo sun dogara ne da sayen dawaki daga arewa a kai a kai, saboda cututtukan wurin ba sa barin su su daɗe, balle su hayayyafa da yawa. Har yau tsarin bai sauya sosai ba, domin dokin da ake hawa a wannan yanki yawanci daga arewa ake gangaro da shi, ta hannun fatake da manyan kasuwannin dabbobi na kan iyaka irin su Maigatari da Mai'aduwa da Illela. Wato dabbar da ta tashi a ƙasar da damina ba ta cika wuce wata huɗu ba ita ce ake kawowa inda ruwa yake sauka daga Afrilu zuwa Oktoba, kuma adadinsa a shekara yakan kai milimita 1,100 zuwa 1,600.

2.0 Ci da sha

Halittar cikin doki ita ce ta tsara yadda ya kamata a ciyar da shi. Tumbinsa ƙarami ne idan aka gwada da girman jikinsa, ba ya ɗaukar fiye da lita 8 zuwa 15, kuma doki ba ya iya amai, don haka duk abin da ya shiga dole ya wuce ta hanji ko da zai yi masa illa. Yawancin narkewar ciyawa a babban hanji take faruwa, inda wasu ƙananan halittu da ido ba ya gani suke sarrafa ta, kuma waɗannan halittu ba sa jure sauyin abinci na farat ɗaya. Dokin da aka sake a fili yakan shafe awa 14 zuwa 16 a yini yana kiwo kaɗan-kaɗan. A lissafin masana, doki yana cin busasshen abinci kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyinsa a rana, wato kilo 7 ga doki mai kilo 350, kuma mafi yawan wannan ya kamata ya zama ciyawa da harawa, hatsi kuwa a raba shi gida biyu ko uku, kada ya wuce kilo ɗaya da rabi a zama guda ga doki mai wannan nauyi. Dawa ko masara da aka zuba masa da yawa a lokaci ɗaya takan tsallake ƙaramin hanji ba ta narke ba, ta yi tsami a babban hanji, daga nan sai ciwon ciki ko kumburin naman da ke cikin kofato ya biyo baya.

A nan al'adar Hausa ta yi dace a wani muhimmin wuri, ko da masu yin ta ba su bayyana dalilin da harshen kimiyya ba. Dusa, wadda kusan kowace barga take dogara da ita saboda araha, tana da sinadarin fosfaras da yawa amma kalsiyam ɗinta kaɗan ne, kuma dokin da aka daɗe ana ciyarwa da ita zalla jikinsa yakan riƙa zare kalsiyam daga ƙashi, har ƙasusuwan fuskarsa su kumbura ya fara ɗingishi ba tare da wani rauni a fili ba. Harawa, wato busasshen ganye da karan wake ko gyaɗa, tana da wadatar kalsiyam da sinadarin gina jiki, saboda haka haɗa ta da dusa da aka saba yi a bargogin Kano da Katsina da Zariya shi ne yake rufe wannan giɓi. Matsalar Gwagwalada ita ce harawa tana tsada idan rani ya yi nisa, mai doki kuma yakan rage ta ya ƙara dusa, alhali harawar ce bai kamata a taɓa ba.

Ajiya ce wurin da al'adar ta fi buƙatar gyara. A arewa ana iya ɗora dammunan harawa a kan rumfa ko reshen bishiya su yi watanni lafiya, amma a inda iska take ɗauke da laima fiye da rabin shekara, harawa da hatsi suna saurin yin fumfuna. Masara, wadda ake nomawa da yawa a yankin kuma take maye gurbin dawa da gero a bargogi, tana da haɗari na musamman, domin wata fumfuna da take kama ta tana samar da gubar da ake kira fumonisin, doki kuwa ya fi sauran dabbobin gida rauni a gabanta, tana lalata masa ƙwaƙwalwa har ya riƙa tangaɗi da zagaye wuri ɗaya kafin ya mutu. Hatsin da mutanen gida suka ƙi ci saboda ya sauya launi ko wari, wanda ake ganin asara ce a zubar, bai cancanci a miƙa wa doki ba. Haka nan gyauron dawa, wato tohon da yake fitowa bayan an yanke kara, yana ɗauke da guba, abin da makiyaya suka daɗe da sani.

Batun kanwa yana buƙatar a tsaya a kansa. Masu dawaki suna ba ta matsayi babba, suna jiƙa ta a ruwa ko a dusa da nufin wanke ciki da buɗe ci. Amma kanwa gishiri ce mai kabonet, gumin doki kuwa abin da ya fi zubarwa shi ne sinadaran gishirin ci, wato sodiyam da kulorayid, tare da fotasiyam, kuma doki mai aiki tuƙuru cikin zafi yana iya zubar da gumi lita 10 zuwa 15 a awa guda. Kanwa ba ta mayar da kulorayid ɗin da ya fita, don haka ba za ta tsaya a madadin gishiri ba, kuma yawanta yana iya kawo zawo. Ruwan sha kuwa, doki a hutu cikin sanyin yanayi yana buƙatar kimanin lita 5 ga kowane kilo 100 na nauyinsa, adadin da yakan ninka a watannin Fabrairu zuwa Afrilu. Shayarwa sau biyu a rana, wadda ta samo asali daga wahalar jan ruwa a rijiya mai zurfi, ba ta wadatar a bazarar Gwagwalada.

3.0 Barga da turke da kofato

A al'ada ana ɗaure ingarma a turke, wato gungumen da aka kafa a ƙasa, da igiya a ƙafa, domin ba a cika dandaƙe dokin hawa ba, kuma maza biyu da aka sake wuri ɗaya faɗa za su yi. A kan yashin arewa fitsari yana tsotsewa, rana kuma ta busar da wurin kafin azahar. A Gwagwalada da damina gindin turke yakan zama caɓi na laka da kashi, kofaton da ya wuni a ciki kuma sai tsokar tsakiyar tafinsa ta fara ruɓewa tana fitar da baƙin ruwa mai ɗoyi. Maganin wannan bai wuce a tada daɓen barga ya ɗan karkata don ruwa ya gangara ba, a kwashe kashi safe da yamma, a kuma ɗaga kowace ƙafa a sakace kofato kullum. Kofato yana tsiro milimita 6 zuwa 10 a wata, kuma tun da ƙasa mai laushi ba ta cinye shi kamar yadda tsandauri yake yi, dokin da ba a sa wa takalmin ƙarfe ba ma yana buƙatar a datse masa shi duk mako 6 zuwa 8.

Kilisa, wato fitar da doki ya motsa jiki ba don tafiya ko biki ba, ita ce take rage illar tsayuwa a turke, kuma dokin da aka bari yana cin hatsi ba kilisa sai ranar hawa ta zo a ɗora masa kaya masu nauyi a yi ta sukuwa da shi, shi ne wanda ya fi faɗuwa. Akwai tsohon tsoro, wanda Turawa ma suka daɗe da shi, cewa zuba wa doki mai gumi ruwan sanyi yana sandarar da shi, amma binciken da aka gudanar gabanin gasar Olamfik ta Atlanta a 1996 ya tabbatar da cewa kwarara masa ruwan sanyi ita ce hanya mafi sauri ta sauke masa zafin jiki, kuma ba ta cutar da shi.

4.0 Ƙwari da cututtuka

Kurmin bakin rafi shi ne mazaunin ƙudan tsando, wanda yake yaɗa sammore, cutar da alamunta suka haɗa da zazzaɓi mai zuwa yana komawa da ramewa da ƙarancin jini da kumburin ƙafafu da ƙasan ciki. Saboda girman wannan cuta aka kafa cibiyar bincike a kanta a Kaduna tun zamanin mulkin mallaka. Kai doki wanka ko kiwo a inuwar bakin Usuma da rassansa, duk da kyan ciyawar wurin, ganganci ne da yankan ciyawar a kawo barga zai kawar. Kaska tana yaɗa wasu ƙwayoyin cuta biyu masu fasa jini, waɗanda alamunsu suke kama da na sammore har da sauyin launin dasashi zuwa fari ko ruwan ɗorawa, amma maganinsu daban ne, kuma allurar Berenil da makiyaya suke yi wa shanu ba ta cika karɓar jikin doki ba. Saboda haka gwajin jini kafin allura ba almubazzaranci ba ne, musamman a yankin da Jami'ar Abuja, wadda aka kafa a 1988 kuma ta fara aiki a Gwagwalada, take da tsangayar koyar da likitancin dabbobi.

Cutar dawakin Afirka, wadda take cika huhu da ruwa ko ta kumbura kai da saman idanu, wasu ƙananan ƙwari ne da ba su kai sauro girma ba suke yaɗa ta, suna hayayyafa a jiƙaƙƙiyar ƙasa mai taki, suna kuma cizo daga faɗuwar rana zuwa hudowarta. Ta fi tsanani ga dawakin da aka shigo da su daga wata nahiya, irin na ƙwallon dawaki da ake kawowa daga Ajantina. A nan tsohuwar ɗabi'ar hura wuta mai hayaƙi a barga da almuru tana da tushe mai ƙarfi, domin ƙwarin suna ratsa ramukan gidan sauro na yau da kullum, sai dai hayaƙin yana buƙatar barga mai shan iska don kada ya zama wata cutar ga huhu. Murar dawaki da ta ɓarke a Jihar Sakkwato a ƙarshen 2018 ta bazu a Afirka ta Yamma cikin 2019 ta kuma kashe jakuna da yawa, ta nuna hikimar ware sabon doki daga sauran na aƙalla mako biyu bayan an sauke shi daga mota.

Raunin da kayan hawa suke haddasawa ya fi zama abin damuwa a nan fiye da arewa, domin gyambon da sirdi ko majayi ya yi a fatar da ta jiƙe da gumi, ko tsagar da linzami mai zobe ya yi a baki, ko yankan da gefen likkafa ya yi a haƙarƙari, duk ƙuda suna hana su warkewa da damina, kuma ƙofa ce ga cutar tatanas, mai sandarar da jiki da sarƙe muƙamuƙi, wadda doki yake cikin dabbobin da suka fi saurin kamuwa da ita. Allurar rigakafinta biyu ce a farko, da tazarar mako 4 zuwa 6, sannan a riƙa sabuntawa. Ɗan barga, wanda shi ne yake ganin dokin kafin mai shi ya gan shi, ya kamata ya san cewa zafin jikin lafiyayyen doki yana tsakanin 37.5 da 38.5 a ma'aunin Salsiyas, bugun zuciyarsa 28 zuwa 44 a minti, numfashinsa kuma 8 zuwa 16, domin a yawancin waɗannan cututtuka zazzaɓi yakan riga ramewa da kumburi bayyana, kuma a wannan tazara ce magani ya fi cin nasara.